Nazarin Fim Ba Tare da Fim Ba: Tsokaci a Kan Madogaran Ɗaliban Nazarin Finafinan Hausa

1.0 Gabatarwa

A zangon karatun da ya gabata, wani ɗalibinmu ɗan asalin Mashegu ta ƙasar Kontagora, a Jihar Neja, ya kawo mana babi na biyu na kundin digirinsa, wanda ya ƙudurta yi a kan yadda ake fito da kishiya a finafinan Hausa. Babin ya tsaru, an kuma ambaci masana da dama a cikinsa. Da muka tambaye shi nawa ya kalla daga cikin finafinai bakwai da ya lissafa, sai ya ce uku. Sauran huɗun ya neme su bai samu ba, saboda haka ya ɗauko labarinsu daga wani kundi da aka rubuta shekaru da suka wuce. Da muka bi sawun wancan kundin, sai muka tarar shi ma daga wani ya ɗauko.

Ba mu ga laifin ɗalibin shi kaɗai ba, domin abin da ya tarar ana yi ke nan. Manufar wannan maƙala ita ce ta yi tsokaci a kan wannan ɗabi'a ta nazarin fim ba tare da fim ba, ta kuma nuna inda manazarci zai dosa, a ɗakin karatu da intanet da ma garinsu, domin ya sami madogara ta ƙwarai. A ganinmu fim shi ne matani, kamar yadda littafi yake matani ga mai nazarin zube. Duk wani abu da aka rubuta a kansa bayansa yake bi.

2.0 Abin da Masana Suka Riga Suka Rubuta

Wanda ya ce ba a yi rubutu a kan finafinan Hausa ba, to bai bincika ba ne. Tun a 1997 Brian Larkin ya buga maƙalarsa a mujallar Africa a kan tasirin finafinan Indiya ga matasan Kano da littattafan soyayya. A 2008 ya fitar da Signal and Noise, inda ya bi tarihin rediyo da majigi da gidajen silima na Kano, yana dogaro da takardun zamanin Turawa da kuma zaman da ya yi a birnin. A watan Agusta na 2003 aka yi taron ƙasa da ƙasa a kan finafinan Hausa a Kano, kuma maƙalun taron ne suka zama littafin Hausa Home Videos: Technology, Economy and Society na 2004, wanda Abdalla Uba Adamu da Yusuf M. Adamu da Umar Faruk Jibril suka tace. Bayan wannan akwai ɗimbin rubuce-rubucen Abdalla Uba Adamu a kan aro daga Indiya da juya littafi zuwa fim, da kundin digiri na uku na Carmen McCain na 2014 a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, da ayyukan Matthias Krings na ƙasar Jamus, da na Muhsin Ibrahim.

Waɗannan ayyuka suna da wani abu guda da ya haɗa su: masu su sun kalli finafinan, sun zauna da masu sana'ar, sun karanta mujallun lokacin. Wannan ɗin ne ɗalibanmu ba su kwaikwaya. Abin da suke ɗauka shi ne sakin layin nan guda na tarihi, wato cewa ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, sai Gimbiya Fatima, sai Sangaya a 1999 ya buɗe ƙofar rawa da waƙa, sai Wasila a 2000. Gaskiya ne duka, amma an maimaita shi har ya zama kamar haddar allo. Da wuya a sami kundin da ya faɗi yadda aka ɗauki fitowa guda a cikin Sangaya, ko inda aka ajiye kyamara, ko abin da waƙar ta ƙara wa labarin. An san sunan fim da shekararsa, ba a san fuskarsa ba.

Akwai kuma matsalar harshe. Galibin manyan ayyukan nan da Ingilishi aka rubuta su. Ɗalibin Hausa yakan tsallake su ya nufi kundayen da aka rubuta da Hausa, waɗanda sau da yawa fassarar gutsattsarin waɗancan ne, an yi ta a gaggauce. Ta haka kuskuren mutum ɗaya yake zama gādon ajin da ke biye.

3.0 Ina Finafinan Suke?

Tambayar da ta fi kowace nauyi ke nan. Finafinan shekarun 1990 a kaset ɗin bidiyo aka sayar da su, daga shagunan Ƙofar Wambai da Bata a Kano zuwa sauran garuruwa. Zaren kaset ba ya jure zafi da laima da ƙura. Yana yin fumfuna, yana mannewa, hoton yana dusashewa. Faifan sidi da ya gaje shi kuwa karcewa yake yi. Furodusoshi da yawa ba su ɗauki uwar kaset a matsayin kayan tarihi ba, haja ce da aka sayar aka wuce wurin. Ɗakunan karatunmu kuma an gina su ne a kan littafi da mujalla da kundi, ba a saba ware kanta domin kaset ba.

Labarin fim ɗin Shehu Umar ya isa ishara. Adamu Halilu ne ya shirya shi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shehu Umar. Shekaru masu yawa ana ambatonsa a rubuce, ana ɗauka ya ɓata. Sai a 2016 aka gano gwangwanayensa a wani tsohon ɗakin ajiya, aka gyara shi tare da taimakon cibiyar Arsenal ta Balin, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. In har fim irin wannan, mai ɗauke da sunan Firayim Minista, zai yi shekaru a ɓoye, ina ga kaset ɗin da wasu matasa suka haɗa kuɗi suka yi a Fagge ko Gwammaja?

Saboda haka matakin farko ga manazarci shi ne ya tabbatar fim yana hannunsa kafin ya kai take ga malaminsa. Wuraren nema sun haɗa da Ma'ajiyar Finafinai ta Ƙasa da ke Jos, ƙarƙashin Hukumar Finafinai ta Nijeriya wadda aka kafa a 1979, musamman ga mai sha'awar finafinan da suka riga bidiyo. Sai tsofaffin 'yan kasuwar kaset na Kano da Kaduna da Jos, sai furodusoshin da daraktocin kansu, sai gidajen talabijin da suka daɗe suna nuna wasannin kwaikwayo. Idan fim ya gagara samuwa, a faɗa a cikin kundin cewa ya gagara. Wannan ma sakamakon bincike ne, ya kuma fi a ari idon wani.

4.0 Mujallu da Takardun Hukuma

Bayan fim, babu madogarar da ta kai mujallun sana'ar. Tauraruwa ta fara fitowa a Kano a 1998, kuma a shafukanta ne Sunusi Shehu Daneji ya fara amfani da sunan Kannywood a 1999, kafin jaridar New York Times ta yaɗa sunan Nollywood a 2002. Mujallar Fim ta Ibrahim Sheme ta fara a watan Maris na 1999. A irin waɗannan mujallu ake samun hirarraki da 'yan wasa, da tallan finafinan da ke shirin fitowa, da rigingimun 'yan kasuwa da furodusoshi, da wasiƙun masu karatu. Talla guda ɗaya tana iya warware gardamar shekarar da fim ya shiga kasuwa, abin da kwalin kaset sau da yawa ba ya faɗa. Wasiƙun kuwa su ne muryar 'yan kallo ta wancan lokaci, da sunayen garuruwansu.

Sai takardun hukuma. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa a 1993, ta Jihar Kano kuma a 2001, bayan dakatar da harkar fim da gwamnatin jihar ta yi a ƙarshen 2000. Rajistar da irin waɗannan hukumomi suke yi wa finafinai tana ɗauke da suna da kamfani da lokacin tacewa. Mai neman zamanin majigi da silima kuwa, Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa da tsofaffin kofe na Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, su ne alƙiblarsa. Kundayen digiri suna nan a sassan harsunan Nijeriya da na aikin jarida da na wasan kwaikwayo a jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo. A karanta su domin a san abin da aka riga aka yi, a kuma gwada abin da suka faɗa da fim ɗin kansa.

5.0 Intanet: Amfaninta da Tarkonta

Ga ɗalibin da ke Mashegu, wanda zuwa Kano ke cinye masa yini guda da kuɗin mota mai yawa, intanet rahama ce. Da wayar hannu zai iya neman maƙalu a Google Scholar da JSTOR da African Journals Online, kuma masana da dama sun ɗora ayyukansu kyauta a Academia da ResearchGate. Dabarar nema ita ce a gwada kalma ta fuskoki daban-daban: da Hausa da Ingilishi, "finafinai" da "fina-finai", da ƙugiya da babu ƙugiya, domin na'ura ba kullum take gane cewa "ƙauna" da "kauna" abu ɗaya ba ne. Idan aka sami maƙala mai kyau, a bi madogaran da ke ƙarshenta ɗaya bayan ɗaya.

Finafinan zamanin nan ma sun fi sauƙin samu. Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014, aka kuma koma ga masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina da Izzar So, YouTube ta zama babbar kasuwar fim ɗin Hausa. Sai dai a yi hattara da tsofaffin finafinan da ake ɗorawa a can. Sau da yawa an yanke sunayen ma'aikata na farko da na ƙarshe, an cire waƙa ko an ƙara, an haɗe kashi na ɗaya da na biyu, wani lokaci ma an sauya wa fim suna domin jan 'yan kallo. Ranar da aka ɗora fim ba ita ce ranar fitowarsa ba, amma mun sha ganin an rubuta ta a kundi a matsayin haka. Abin da ke nan yau kuma gobe ana iya sauke shi. Wajibi ne manazarci ya adana kofensa, ya rubuta tashar da ranar da ya kalla da tsawon fim ɗin, ya kuma kwatanta shi da kaset ko faifai in da hali. Haka nan abin da aka gani a Wikipedia ko Facebook ko aka samu daga manhajojin da ke amsa tambaya, manuniya ce kawai zuwa ga madogara, sai an tabbatar da shi a wani wuri.

6.0 Mashegu a Matsayin Madogara

Ɗalibinmu ya ɗauka nisansa da Kano naƙasu ne. Mu kuwa muna ganin gata ne bai lura da shi ba. Kusan duk abin da aka rubuta a kan finafinan Hausa daga Kano aka hango shi, ta wajen masu shiryawa da masu tacewa. Ɓangaren 'yan kallo na karkara, musamman a gefen ƙasar Hausa, har yanzu fili ne mai faɗi. Ƙasar Mashegu, da garuruwanta irin su Zugurma da Ibbi da Makera da Kaboji, wuri ne da Hausawa da Nufawa da Kambari da Fulani suke cuɗanya, Hausa kuma ita ce harshen kasuwa. Yaya wanda Hausa ba harshen gidansu ba ne yake karɓar barkwancin Ibro? Wace irin Hausa yara suke ɗauka daga fim, ta Kano ko ta garinsu? Me matan aure suke cewa a kan kishiyar fim idan suka gwada ta da ta gida? Waɗannan tambayoyi ba a amsa su daga kantar littattafai.

Madogaran suna nan kusa da shi: dattijon da ya taɓa kallon majigi a filin gari, da wanda ya riƙe gidan kallo da janareto, da mai hayar kaset na dā, da matashin da ke tura finafinai a waya a bakin kasuwa, wanda ya san fim ɗin da aka fi nema a kowane mako. Ba mamaki ma a sami tsofaffin kaset a ƙarƙashin gadon wata tsohuwa, waɗanda aka rasa a Ƙofar Wambai. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Hira da irin waɗannan mutane, in an ɗauke ta da izininsu, an rubuta rana da wuri, hujja ce da ta kai kowace maƙala daraja. Lokaci kuma ba ya jira. Rabilu Musa Ibro ya rasu a 2014, Ƙasimu Yero a 2017, Saratu Giɗaɗo a 2024, kowannensu ya tafi da abin da ke cikinsa. Haka ma 'yan kallon farko suke tafiya, ba mai tambayar su.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa matsalar nazarin finafinan Hausa ta fi ƙarfi wajen rashin riƙe matani da rashin jeranta madogara bisa matsayinsu. Fim ne a gaba, sai mujallu da takardun lokacinsa da bakin waɗanda suka yi shi ko suka kalle shi, sannan sharhin masana. Intanet hanya ce ta isa ga waɗannan duka, ba ta maye gurbin ko ɗaya daga cikinsu.

Shawararmu ga sassan Hausa, har da na makarantun horar da malamai irin ta Kontagora, ita ce kada a amince da taken kundi sai ɗalibi ya gabatar da finafinan da zai nazarta, kuma ya bar kofensu da na hirarrakinsa a sashe tare da kundin. In aka yi shekara goma ana haka, kowane sashe zai wayi gari da ma'ajiyarsa ba tare da jiran kasafin kuɗi ba. Shi kuwa ɗalibinmu, ya rage finafinansa zuwa ukun da ya kalla, ya koma gida da littafin rubutu da waya domin ya ji ta bakin matan unguwarsu. Muna sauraron babi na uku.