Ƙafar da ake ɗorawa da yatsa

Ba na cikin masu cewa wasan salula ɓata lokaci ne. Ni kaina dala ashirin ɗina ta sha tafiya wurin mai caji saboda Dream League Soccer. Amma akwai abu guda cikin wasan nan da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda ya ɗauki rauni.

Ɗan wasanka ya ji ciwo, an ce zai zauna 'yan wasanni. To, in kana da kuɗin cikin wasan, sai ka kira likita, ka danna da yatsa, shi ke nan, mutum ya miƙe garau kamar ba shi ba. Haba jama'a! Sadio Mané ya ji rauni a ƙafa a Nuwamban 2022 yana buga wa Bayern, duk kuɗin Bayern da likitocinta ba su kai shi Kofin Duniya na Qatar ba. Senegal ta tafi ba shi.

Ku dubi besbol ta Amurka, wadda mu nan ba mu san ko riƙon sandarta ba. A can in aka sa ɗan wasa cikin jerin masu rauni, akwai kwanakin da dole ya cika: 10 ga yawancin 'yan wasa, 15 ga masu jifa, 60 in abin ya yi tsanani. Ko ya rantse ya warke, ba ya dawowa kafin wa'adi. Wasan kwamfuta mai suna Out of the Park Baseball ya kwaso wannan doka, sai ya zama dole ka nemi na benci, ka yi lissafi, ka yi haƙuri. Ai nan ne daɗin zama koci yake. Namu ya sayar da wannan daɗin.

Abin da ya sa na damu: a hutun bara, nan Mallawa, wani abokinmu ya gurɗe gwiwa a gasar unguwanni. Maɗori ya ce ya zauna wata guda. Kwana tara muka ba shi, don wasan ƙarshe ya zo, kuma ni ne na fi kowa zuga shi. Ban ce salula ce ta sa mu ba, rashin hankalinmu ne. Sai dai ranar, da ya ce gwiwar na yi masa zafi, wani ya ce cikin raha, “A danna masa likita mana!” Muka kwashe da dariya, har da shi. Minti ashirin ya yi a fili. Har yau in zai hau babur zuwa Dungas, da hannu yake ɗaga ƙafar.