Sharhi: "Contagion" da darasin wankan gishiri

Mai karatu, ka tuna daren wankan gishiri? A watan Agusta na 2014, bayan Ebola ta shigo Legas, wayoyi suka yi ta ƙara tun kafin asuba: wai a tashi a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma kurɓa. Mu gwaggonmu ce ta kira, tana rantsuwa kamar za ta yi kuka. Muka kuwa yi. Daga baya aka ji gishirin ya kashe aƙalla mutum biyu. Daren nan nake tunawa duk sanda na kalli Contagion, fim ɗin da Steven Soderbergh ya ba da umarni a 2011, wanda kasuwarsa ta sake buɗewa a 2020 da korona ta kulle mu a gida.

Labarin ba shi da kwana-kwana. Wata mata 'yar Amurka (Gwyneth Paltrow) ta dawo daga Hongkong da tari, kafin a ce me ta mutu, cutar kuma ta bazu a duniya. To amma a ganina cutar rabin labarin ce kawai. Ɗaya rabin shi ne tambayar da ta shafe mu: idan masana sun yi magana, maƙaryaci ma ya yi, wa jama'a za su bi?

Bari in fara da yabo. Akwai fitowar da Dakta Mears (Kate Winslet) ta tsaya gaban allo tana yi wa jami'an jiha bayanin lambar yaɗuwa, wato mutum nawa mai cuta ɗaya ke shafa wa. Ta ce ta mura kamar ɗaya ce, ta agana ta haura uku, ta shan-inna kuwa huɗu zuwa shida kafin a samu rigakafi. Cikin 'yan mintuna ɗan kallo ya gane abin da wani malamin zai ɓata awa guda a kai. Kyamara ma tana nata bayanin: sai ta ɗan daɗe a kan kofi, ko mariƙin ƙofa, ko ƙarfen da fasinja ke riƙewa a bas, har ka ji hannunka na ƙaiƙayi. A ƙarshe aka nuna asalin abin ba tare da dogon surutu ba: katafila ta ture bishiya, jemage ya tashi, ya yar da guntun ayaba, alade ya ci, kuku ya taɓa aladen, ya gaisa da matar bai wanke hannu ba. Ba mamaki, domin marubucin, Scott Z. Burns, ya zauna da masana irin su Farfesa Ian Lipkin, kuma sun ɗauko samfurin cutar daga Nipah, wadda ta ɓulla a Malesiya a 1998.

Sai kuma Alan Krumwiede (Jude Law), mai rubutu a intanet, wanda ya yi ciwon ƙarya, ya ce wani tsiro mai suna forsythia ne ya warkar da shi. Nan da nan aka shiga fasa kantunan magani. Fitowar da ta fi tsaya mani ita ce ta muhawararsa da Dakta Cheever (Laurence Fishburne), babban jami'in hukumar yaƙi da cututtuka, a talabijin. Likita na da gaskiya a kan magani. Sai dai tun kafin a rufe Shikago ya kira budurwarsa a ɓoye ya ce ta fice. Da Krumwiede ya tona wannan, shi ke nan, duk abin da likitan ya faɗa ya zama abin zargi. Ka ga ke nan ba wai mutane ba su da ƙwaƙwalwa ba ne. Amana ce ta zube.

Mu mun san wannan. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani gwaji na yara kimanin 200, goma sha ɗaya suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. Da jita-jitar rigakafin shan-inna ta taso a 2003, har Kano ta dakatar da shi zuwa Yulin 2004, ai ta tarar da fili a share ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

To ina fim ɗin ya gaza? A wurin Krumwiede. An mai da shi ɗan damfara mai karkataccen haƙori wanda ya tara miliyoyin daloli da ƙaryarsa, don ɗan kallo ya tsane shi ya kwanta da daɗin rai. Wannan arha ce. Gwaggona ko sisi ba ta samu ba, so ne ya tashe ta da tsakar dare. Yawancin masu yaɗa jita-jita irinta ne, kuma fim ɗin bai ba su fuska ba. Haka nan bai nuna ɗan jarida ko ɗaya da ya zauna ya mai da maganar likita ta koma maganar tsakar gida ba, alhali aikin da ya fi wuya ke nan.

Duk da haka, ka nemi fim ɗin ka kalla. Ku kuma furodusoshinmu na Kano, ga labari a ƙofar gidanku: yarinya mai yawon ɗiga rigakafi gida-gida, da maigidan da ya hana ta shiga. Idan za ku yi, don Allah kada ku mai da shi jahili abin dariya. Ku bar shi ya faɗi dalilinsa tukuna, sannan ku ba ta amsar da za ta gamsar da shi da Hausar da yake ji. In maigidan ya gamsu, 'yan kallo ma za su gamsu.