Fuska da Ado: Nazari a kan Zanen Winold Reiss Cikin Littafin The New Negro

Abin da za mu duba a wannan takarda shi ne aikin Winold Reiss, mai zane wanda aka haifa a Jamus a 1886, ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1913, ya kuma rasu a can a 1953. Ba za mu bi dukkan ayyukansa ba. Za mu tsaya ne a kan shekarar 1925, lokacin da Alain Locke ya shirya fitowa ta musamman ta mujallar Survey Graphic a kan Harlem, unguwar baƙar fata ta birnin Niyok, wadda daga bisani aka faɗaɗa ta ta zama littafin The New Negro. Reiss ne ya zana yawancin hotunan mujallar da na littafin.

Idan muka ɗauki hoton da ya yi wa W. E. B. Du Bois, za mu ga yadda salonsa yake. Da alli mai launi ya fitar da kai da hannuwa dalla-dalla, har mutum ya ga inda haske ya sauka a goshi, amma kwat ɗin da ke jikinsa 'yan layuka ne kawai a kan farar takarda. Wato ya hana ido ya shagala da tufa, ya tilasta masa tsayawa a kan fatar mutum da kallonsa. A ƙasar da aka daɗe ana zana baƙin mutum da ƙaton leɓe don a yi dariya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai kuma ba kowa ne ya yi murna ba. Hoton da ya fi tayar da ƙura shi ne na wasu malamai mata biyu na makarantar gwamnati. Wasu daga cikin masu hali na Harlem suka ce matan sun yi baƙi da yawa, bai dace a ce su ne za su wakilci masu ilmi ba. Locke ya mayar musu da martani a mujallar Opportunity a wannan shekara, Langston Hughes ma ya taɓo maganar a 1926. Mu da horar da malamai ne aikinmu, mun daɗe muna kallon wannan hoto, kuma ba mu ga aibin da aka faɗa ba. Mata ne biyu a zaune kafaɗa da kafaɗa, babu murmushin neman yarda a fuskarsu. A ganinmu, masu sukar ba zanen ne ya dame su ba, madubi aka miƙa musu.

Laifin da muke gani yana wani wuri dabam. Manya irin su Du Bois da mawaƙi Roland Hayes an rubuta sunayensu a ƙarƙashin hotunansu, amma malaman nan biyu da sauran talakawan unguwa an gabatar da su ne a matsayin samfurin jama'a, ba suna. Alli ya ba su mutunci, rubutun ƙasa ya rage shi.

Dangane da adon littafin kuwa, wato zane-zanen da ke kan babi da gefen shafi, a nan hannun Reiss ya yi rauni. Siffofi ne masu kusurwa da aka ce na Afirka ne, alhali mai dubawa ba zai iya cewa daga wace al'umma suka fito ba. Mutumin da ya zauna gaban kowace fuska ya ƙare mata kallo, da ya zo kan nahiya guda sai ya wadatu da kintace. Ɗalibinsa Aaron Douglas, wanda shi ma zanensa ya shiga littafin, shi ya ɗauki wannan salo ya ba shi rai a shekarun da suka biyo baya.

Har ila yau, ya kamata malamin da zai koyar da littafin ya lura da bugun da ke hannunsa, domin wasu daga cikin bugun baya sun fito ba tare da hotunan mutanen ba, sai rubutu da ɗan ado.