Maye ne ko shaiɗan? Sharhi a kan fim ɗin Demon Slayer: Infinity Castle

Ban taɓa shiga sinima a Sudan ba. Na tashi a wani ƙauyen Hausawa da ke gaɓar Nilul Azraƙ, ba nisa da Mai Wurno, kuma kafin in yi wayo gidajen sinimar da iyayenmu suke ba da labarinsu a Madani da Sinnar, masu fili ba rufi, inda ake haska fim ɗin Indiya bayan isha'i, galibinsu sun mutu. Wanda ya ga Talking About Trees na Suhaib Gasmelbari, na 2019, ya ga yadda dattawa huɗu suka yi ta faɗi-tashin farfaɗo da guda ɗaya a Omdurman abin ya faskara. Mu tamu sinimar ita ce gidan kallo: talabijin ɗaya, janareta, tabarma, da tashar Spacetoon. A nan muka san Kaftin Majid da Grendizer da Conan mai bincike, duk suna zuba Larabcin fusha. Sai da na girma na san 'yan Japan ne.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 shi ya raba ni da ɗakin watsa shirye-shirye, bayan faɗuwar Madani a Disambar wannan shekara muka kama hanya har Alƙahira. A can, cikin Satumbar 2025, ɗan yayata mai shekara goma sha huɗu ya tasa ni gaba sai na kai shi kallon Demon Slayer: Infinity Castle, wanda Larabawa ke kira Ƙatilush Shayaɗin. Na biya kuɗin tikiti ina guna-guni, na fito da abin da nake son mu tattauna.

Ga wanda bai sani ba, asalin labarin manga ne, wato littafin labari cikin zane, na Koyoharu Gotouge, wanda ya fito a mujallar Weekly Shonen Jump daga 2016 zuwa 2020, aka tattara shi juzu'i 23. Tanjiro yaro ne mai sayar da gawayi a Japan ta zamanin Taisho, tsakanin 1912 da 1926, daidai lokacin da kakanninmu ke ɗaukar dutse a aikin madatsar Sinnar. Ya dawo daga talla ya tarar an karkashe 'yan gidansu, ƙanwarsa Nezuko kaɗai ta rage, ita ma an juya ta ta zama irin halittar da ta yi ɓarnar. Ya shiga rundunar masu takobi don ya nemo mata magani. Kamfanin Ufotable ya mayar da labarin katun, kuma fim ɗinsu na 2020, Mugen Train, shi ya fi kowane fim kawo kuɗi a duniya a waccan shekarar. Wannan na yanzu, wanda Haruo Sotozaki ya ba da umarni, shi ne na farko cikin uku da za su rufe labarin, tsawonsa minti 155.

In fara da abin yabo. Fadar da ake faɗan a cikinta ba ta da sama ba ta da ƙasa. Ɗakuna suna juyawa, matakala tana zama bango, mutum yana gudu sai ƙofa ta buɗe ƙarƙashin ƙafarsa. Da a waya na kalla da sai in ce ado ne kawai. A babban allo kuwa sai da na dafe kujera. Ni ma'aikacin rediyo ne, kunne ya fi ido aiki a wurina, kuma abin da ya fi kama ni shi ne mace guda da ke zaune da biwa, wani abin kiɗa mai kama da garaya. Duk sanda ta ɗana tsirkiya sau ɗaya, ginin gaba ɗaya sai ya sauya fasali. Sauti ɗaya tak, kuma kafin rabin fim an koya wa ɗan kallo jin faɗuwar gaba da shi. Duk mai haɗa wasan kwaikwayo na rediyo yana da darasi a nan.

Sai dai fim ɗin bai tsaya da ƙafarsa ba. Wanda bai ga zangunan talabijin da suka gabata ba zai zauna kamar baƙo a taron suna, kowa na gaisawa shi bai san dangantaka ba. Ni kaina sai da yaron ya riƙa raɗa mini wane ne wane. Sannan gininsa iri ɗaya ne har sau uku: a fara faɗa, takobi na sama, sai a tsaya a koma baya a ba mu tarihin ɗaya daga cikin masu faɗan. Shinobu da Doma, haka. Zenitsu da Kaigaku, tsohon abokin almajircinsa da ya ci amanar malaminsu, haka. Tanjiro da Giyu a kan Akaza, haka. A mujallar mako-mako wannan dabara tana tafiya, domin mai karatu ya huta kwana bakwai a tsakani. A zama guda kuwa kamar mai gabatar da shiri ne da ke katse waƙa duk inda ta yi daɗi don ya karanta gaisuwa.

To amma ba wannan ne ya hana ni barci ba. Kalmar da aka fassara ce. Japanawa suna ce wa waɗannan halittu oni, Turawa suka ce demon, Larabawa suka ce shaiɗan. Ina zaune ina karanta fassarar da ke ƙasan allo na ce a raina, Bahaushe yana da kalmar da ta fi dacewa: maye. Shaiɗan bai taɓa zama ɗan Adam ba, ba shi da uwa, ba ya tuba. Waɗannan kuwa kowanensu mutum ne da aka haifa aka raɗa wa suna, sai ubangidansu Muzan ya ɗura musu jininsa, kamar yadda tsofaffinmu ke cewa ana ba mutum ƙanƙarar maita ya haɗiye. Daga nan sai yunwar naman mutane. Wanda ya kalli fim ɗin da kalmar shaiɗan a ransa zai ga yaƙin haske da duhu. Wanda ya kalla da kalmar maye zai ga abin da ya fi wannan ɗaci, domin mu mun san cewa maye maƙwabci ne, kuma mun san yadda ake yi wa wanda aka laƙaba wa sunan.

Dubi Akaza, wanda kashi na ƙarshe na fim ɗin ya zama nasa. Sunansa na yanka Hakuji. Yana yaro yake yankan aljihu don ya sayo wa ubansa magani, ana kama shi ana bulala ana yi masa zanen ɓarayi a hannu. Uban ya rataye kansa don kada ɗansa ya ci gaba da sata dominsa. Wani malamin dambe, Keizo, ya ɗauke shi ya ba shi jinyar 'yarsa Koyuki, har ta warke aka yi musu baiko. Sai mutanen makarantar takobi da ke gaba da su suka zuba guba a rijiya, uba da 'ya suka mutu. Hakuji ya shiga makarantar da hannu kawai ya kashe mutum 67. A daren Muzan ya same shi.

A layin da nake zaune na ji ana jan majina. Ni ma idona ya kawo ruwa, ba zan ɓoye ba. Amma na zo daga inda aka ga irin wannan lissafi ba a allo ba. A Yuli da Oktobar 2022, a Rusairis da Damazin da Wad al-Mahi, rikici tsakanin Hausawa da maƙwabtansu ya ci ɗaruruwan rayuka, kuma kowane ɓangare yana da tasa rijiyar da yake nunawa. Yaƙin da ya biyo baya ya ratsa ƙauyukan Jazira ɗaya bayan ɗaya, kuma da yawa cikin samarin da suka ɗauki bindiga suna da labarin talauci da maraici wanda in aka sa masa kiɗa mai taushi zai sa mutum kuka. Saboda haka tambayata ga fim ɗin ita ce: ina labarin mutum 67? Ba su duka ne suka je bakin rijiya ba. Ina na waɗanda Akaza ya cinye cikin shekaru fiye da ɗari? Ko fuska ɗaya ba a nuna mana ba. An ba makashi dogon lokaci da wasan wuta da hannun masoyiya, waɗanda ya kashe kuwa an ba su lamba.

Adalci ya sa in faɗi ɗaya gefen. Fim ɗin bai wanke Akaza ba. Tanjiro bai sauke takobinsa don tausayi ba, ya sare masa kai. Abin da ya faru bayan haka shi ne mafi ƙarfin wuri a fim ɗin: jikin yana iya sake tsiro da kai, amma da tunaninsa ya dawo ya gane abin da ya zama, shi da kansa ya ragargaza jikinsa ya ƙi tashi. Kuma ba aljanna aka nuna ya nufa ba. Wato marubucin ya riƙe abu biyu a hannu ɗaya, fahimtar yadda mutum ya lalace da kuma hukunta shi. Littattafan jarumtarmu ba su cika yin haka ba. Ganɗoki na Bello Kagara ba ya tsayawa ya tambayi abokin gabarsa wa ya haife shi. Abin da nake tuhuma shi ne ma'auni: an cika mudun tausayi har ya zuba, na shaida kuwa an bar shi rabi.

Da muka fito muna jiran mota yaron ya ce, "Kawu, ai Akaza ba mugu ba ne, zaluntarsa aka yi." Na ce, "An zalunce shi, ɗana. Waɗanda ya kashe fa?" Ya yi shiru har muka hau, can ya ce, "Su ai ba a nuna su ba." Gidan su wannan yaro an kwashe shi tas a Madani, kuma wata rana zai koma ya zauna unguwa ɗaya da waɗanda ake zargi.

Shawarata ga iyaye: fim ne mai jini sosai, bai dace da ƙanana ba. Matasa kuwa za su kalle shi ko an so ko an ƙi, in ba a sinima ba a waya. Ku zauna ku kalla tare, in an gama ku tambaye su labarin waɗanda ba a nuna ba.