Tarken Littafin Henri Lhote a Kan Zane-zanen Duwatsun Tasili

Gabatarwa

Labarin tafiya yanki ne na zube wanda manazarta ba su cika waiwaya ba. A wannan maƙala za mu duba littafin da Bafaranshe Henri Lhote ya wallafa a 1958 a kan zaman da ya yi a Tasili, domin mu ga yadda idon baƙo kan ƙwace wa masu ƙasa tarihinsu.

Jigo

Tasili tsauni ne mai kwazazzabai a kudu maso gabashin Aljeriya, wanda ke ɗauke da zane-zane fiye da 15,000 na shanu da raƙuman dawa da makiyaya, shaidar cewa Sahara ta taɓa zama dausayi. Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin kayan tarihin duniya a 1982. A nan ne Lhote da masu zanensa suka ya da zango daga 1956 zuwa 1957, suna kwafar hotunan. Jigon littafin shi ne ganowa.

Salo

Ba mu musun gwanintar marubucin wajen siffantawa. Mai karatu zai ji sanyin dare a zango, ya ga wahalar hawa da kaya da ta neman ruwa. Sai dai wannan zaƙin salo ya lulluɓe aibobi uku.

Na farko, ganowar ba tasa ba ce. Jibrin, Buzun da ya yi masa jagora, shi ya san kogunan duwatsun. Marubucin ya yaba masa, amma a matsayin mai hidima, shi kuwa ya zama tauraro.

Na biyu, ya karkata ga jingina fasahar ga baƙi. Ya hango hannun Misirawa a wasu zanen, ya kuma laƙaba wa wani ƙaton hoto na Jabbaren sunan gunkin duniyar Mas, laƙabin da masu cewa halittun sama ne suka kawo wayewa suka yi riƙo da shi. Daga baya ta bayyana cewa hoton mata masu kan tsuntsu, wanda ya zama hujjar alaƙa da Masar, mutanensa ne suka ƙaga shi.

Na uku, sun riƙa jiƙa zanen da soso don launi ya fito, abin da ya dusashe wasu. Littafin ya kawo wannan tamkar dabara, ba ɓarna ba.

Kammalawa

A 1966 Amadou Hampâté Bâ da Germaine Dieterlen sun fassara wasu zanen shanun da al'adun Fulani. Ko da masana na jayayya a kan fassarar, ta nuna ana iya karanta dutsen da idon ɗan Afirka. Kiranmu ga ɗalibai shi ne, duk wanda zai rubuta labarin zanen duwatsun Birnin Kudu, ya fara sauraron mutanen garin, ya kuma ba jagoransa matsayin da ya cancanta.