Yarinyar da Aka Tsana: Sharhi a Kan Tarihin Rayuwar Alison Arngrim

Gabatarwa

Tarihin rayuwa da mutum yakan rubuta da hannunsa wani reshe ne na rubutun zube wanda manazarta kan yi wa kallon zargi, domin marubucin shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne kuma alƙali. Zargin yakan ƙaru idan marubucin ɗan wasan kwaikwayo ne, tun da sana'arsa ita ce shiga rigar wani. Wannan maƙala za ta dubi ɗaya daga cikin irin waɗannan littattafai, wato Confessions of a Prairie Bitch na Alison Arngrim, wanda aka buga a Amurka a 2010. Kalmar ƙarshe ta sunan littafin zagi ce da ake yi wa mace, asalinta sunan macen kare. Marubuciyar ta ce zagin da aka riƙa jifarta da shi ke nan tun tana ƙarama, sai ta ɗauke shi ta ɗora a bangon littafinta.

Wasan da ya jawo mata wannan zagi shi ne Little House on the Prairie, wanda gidan talabijin na NBC ya nuna daga 1974 zuwa 1983. An gina shi ne a kan littattafan yara na Laura Ingalls Wilder, waɗanda suka fito tsakanin 1932 da 1943, masu ba da labarin iyalin wani manomi a yammacin Amurka cikin ƙarni na 19. Michael Landon ne ya fito a matsayin maigida, Charles Ingalls, shi ne kuma jagoran shirin. Melissa Gilbert ta fito a matsayin Laura. Ita kuwa Arngrim, wadda aka haifa a 1962, ta nemi a ba ta matsayin Laura ko na yayarta Mary, ba ta samu ba, sai aka ba ta na Nellie Oleson, ɗiyar mai kantin garin Walnut Grove, sangartacciya mai girman kai da makirci. Shekara bakwai ta yi tana wannan fitowa.

Jigo

Babban jigon littafin shi ne saɓanin da ke tsakanin gidan da ake nunawa a akwatin talabijin da gidan da yarinyar take komawa da yamma. Duk mako masu kallo suna ganin uba mai tausayi da uwa mai haƙuri da 'ya'ya masu ladabi, suna kuma ganin Nellie a matsayin ƙaya guda a cikin wannan lambu. Abin da ba su sani ba shi ne, yarinyar da ke sanye da rigar Nellie ta fito ne daga gidan da aka ci zarafinta ta hanyar lalata, tun tana shekara 6 har zuwa 9, kuma a faɗarta wani ɗan gidansu ne ya aikata. Iyayenta 'yan harkar wasa ne, mahaifiyarta Norma Macmillan ita ce muryar Casper a zane-zanen yara, amma ba su lura da abin da ke faruwa a ƙarƙashin rufinsu ba.

A nan ne littafin ya yi zarra. Mai karatu zai zaci matsayin muguwar yarinya ƙarin nauyi ne a kan yarinyar da ta riga ta jikkata. Arngrim ta ce akasin haka ne. A gida an koya mata yin shiru. A wurin aiki kuwa ana biyanta kuɗi don ta yi kururuwa, ta yi jifa da kaya, ta murtuke fuska, ta zazzaga wa manya rashin kunya. Fushin da ba ta da inda za ta kai shi sai ya sami ƙofa. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma marubuciyar ba ta tsaya ga faɗinta kawai ba, ta bi ta da misalai har mai karatu ya gamsu. Da an ba ta matsayin Mary mai haƙuri da kawaici, da an sake koya mata darasin da ya cuce ta ne.

Ƙaramin jigon da ke biye shi ne yadda masu kallo kan kasa rarrabe ɗan wasa da matsayin da ya hau. Mu ma mun san wannan, tun da mutane da yawa ba su san Usman Baba Pategi da wani suna ba sai Samanja. Sai dai Samanja ƙauna sunan ya jawo masa. Arngrim ta ba da labarin yadda aka jefe ta da kofin lemo a fuska lokacin wani faretin Kirsimeti a Hollywood, da yadda wasu 'yan mata suka shure ta har ta faɗi a wani bikin makaranta da ta halarta cikin kayan Nellie. Abin lura shi ne, ita kanta Nellie ɗin ba ta taɓa wanzuwa ba: Wilder ta harhaɗa ta ne daga halayen 'yan mata uku da ta sani tana ƙarama. Ke nan an doki yarinya mai jini a jika saboda laifin wadda alƙalami ya ƙaga shekaru arba'in da suka wuce.

Salo

Kafin ya zama littafi, wannan labari wasan barkwanci ne da Arngrim ta riƙa gabatarwa ita kaɗai a kan dandamali, kuma alamun haka suna nan ko'ina. Jimlolinta gajeru ne, tana yi wa mai karatu magana kai tsaye, kuma kusan kowane labari yana ƙarewa da abin dariya. Inda abin ya dace, salon yana da armashi ƙwarai. Dubi bayaninta na hular gashin Nellie mai nannaɗe, wadda ake kafawa da matsefin ƙarfe da allurai har fatar kanta ta yi jini, ga zafin ranar kwarin Simi a Kalifoniya inda ake ɗaukar wasan, ga riguna bisa riguna irin na ƙarni na 19. Ko kuwa labarin fitowar nan ta 1976 mai suna Bunny, inda Nellie ta faɗo daga doki ta yi ƙaryar shanyewar ƙafa, Laura ta gano ta, ta tura keken guragun daga kan tudu har cikin kududdufi. Masu kallo sun yi shewa don an hukunta makira, alhali 'yan matan biyu aminan juna ne da ke kwana a gidajen juna.

Amma dandamali daban, takarda daban. Mai barkwanci yana tsoron shirun 'yan kallo, don haka yakan yi hanzarin cike shi. Marubuci kuwa wani lokaci shirun nan shi ne makaminsa. A ganina akwai wuraren da Arngrim ta kai mai karatu bakin rijiya, kafin ya leƙa sai ta janye shi da raha. Hakan ya fi fitowa a kan iyayenta. Tambayar da ke cin mai karatu ita ce yaya aka yi shekara uku ba wanda ya gani, kuma amsar da ya samu ba ta kai nauyin tambayar ba. Wani zai ce ai dariyar ita ce garkuwar da ta rayu da ita, cire ta daga littafin ƙarya ce. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa ban ɗauki abin a matsayin aibi mai rusa aiki ba. Duk da haka garkuwa tana kare mai ita ne, tana kuma tare wa mai kallo gani.

Taurari

Landon ya fito a littafin da fuska biyu: shugaba mai tsanani wanda bai yarda a shagwaɓa yara a wurin aiki ba, kuma mutum mai shan giya da barkwancin batsa, nesa da salihin manomin da duniya ta sani. Ya rasu a 1991, ba zai iya kare kansa ba, amma marubuciyar ta yi masa adalci, ta yaba inda ya cancanta. Wanda ya karanta littafin Karen Grassle na 2021, wadda ta fito a matsayin uwar gida, zai tarar da hoton da ya fi wannan ɗaci, musamman kan rigimar albashi.

Wadda ba ta sami irin wannan adalci ba ita ce Melissa Sue Anderson, mai fitowa a matsayin Mary. An zana ta a matsayin mai sanyin hulɗa da ɗagawa, kuma an maimaita hakan fiye da kima. Abin mamaki ne a ce marubuciyar da littafinta kacokan yake roƙon a dubi abin da ke bayan fuskar yarinya kafin a yanke mata hukunci, ita ce ba ta tsaya ta yi wa wata yarinyar irin wannan uzuri sosai ba. Anderson ta fitar da nata littafin a wannan shekara ta 2010, kuma rabinsa mai yawa bitar fitowar wasan ce, bai buɗe cikinta ba.

Babin da ya fi ratsa zuciya shi ne na Steve Tracy, wanda ya fito a matsayin Percival, mijin Nellie, ya kuma rasu da cutar ƙanjamau a 1986, zamanin da ake gudun masu ita. A nan rahar ta lafa, jimlolin suka natsu. Rasuwarsa ce ta sa Arngrim shiga aikin sa-kai na taimakon masu cutar a Los Angeles. Daga baya, a 2004, ta bayyana abin da aka yi mata tana ƙarama a shirin Larry King, ta kuma shiga fafutikar ƙungiyar PROTECT ta gyara dokar Kalifoniya wadda ke sassauta wa mai lalata da yaro hukunci idan ɗan gidansu ne. An gyara dokar a 2005. Ta ce 'yan majalisa da 'yan jarida sun saurare ta ne saboda suna son ganin Nellie Oleson.