Jinjina ga Likitocin Gashin Ƙashi

A ƙananan hukumomin Batsari da Safana, inda akasarin jama'a manoma ne da makiyaya, gwiwa ce jarin magidanci, domin da ita yake duƙawa noma, ya bi dabbobi daji, ya kuma durƙusa sujada. Daga cikin larurorin da ke addabar wannan gaɓa akwai ciwon ƙoƙon gwiwa, wato ɗan ƙashin nan mai zamewa sama da ƙasa cikin wani kwari a ƙarshen ƙashin cinya, wanda kan yi zogi yayin tsugunno ko hawan tudu ko bayan dogon zama.

Likitocin gashin ƙashi, waɗanda ake samu a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da aka kafa a 1959, sun cancanci yabo saboda yadda suke magance wannan ciwo ba tare da tiyata ba. Sukan fara da duba tafiyar majiyyaci da tsugunnonsa, sannan su koya masa atisayen ƙarfafa tsokar cinya da ta ƙugu, kamar ɗaga ƙafa a miƙe yana kwance, kasancewar raunin waɗannan tsokoki na cikin abin da ke jawo zogin. Wani lokaci sukan ɗaure ƙoƙon da filasta domin rage raɗaɗi, su kuma shawarce shi ya rage aiki mai nauyi na ɗan lokaci.

Ya dace hukumomi su kusanto da irin waɗannan ƙwararru zuwa asibitocin karkara, domin manomi ya samu kulawa kafin ciwo ya kwantar da shi.